Babban Inji Ko Ƙaramar Motar Dizal: Lissafin Mai Mota A Karare

 Shirin faɗakarwa na wannan mako zai duba wata shawara da kan taso wa mai mota a Karare da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Batsari da Safana tun bayan tashin farashin mai, wato ya rabu da motarsa mai babban inji da ƙarfin gudu, ya koma ga ƙaramar mota mai zafin nama wadda ke amfani da man dizal, wanda direbobi da makanikai suka fi sani da gas, bisa zaton cewa ta haka zai rage abin da gidan mai ke karɓa daga aljihunsa.

Tushen wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, kuma cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a jihohin Arewa, daga nan ta ci gaba da hawa har ta wuce naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Kafin wannan lokaci, ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ya mallaki Honda Accord ko Toyota Camry ko Marsandi mai silinda shida, silinda kuwa su ne ramukan da mai ke ƙonewa a cikinsu ya tura fistin, bai cika damuwa da shan manta ba, domin gwamnati ce ke biya masa wani kaso na kowace lita ba tare da ya ankara ba. Da tallafin ya tafi sai nauyin ya dawo kansa ɗungurungum, har wasu suka jingine manyan motocinsu suka koma hawa babur.

Irin motar da ake magana a kanta asalinta daga Turai ne, kuma ya kamata a san dalilin da ya sa aka ƙera ta kafin a yanke hukunci ko ta dace da hanyar Batsari. A shekarar 1976 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar da Golf GTI, ƙaramar mota ce wadda ba ta da but a ware, ƙofar bayanta ake ɗagawa sama tare da gilashinta, aka kuma sa mata injin fetur mai kuzari fiye da girman jikinta, don magidanci ya samu motar iyali wadda ke gudu kamar ta tsere. A 1982 kamfanin ya fito da 'yar'uwarta mai dizal, ya sa mata suna GTD, a daidai lokacin da Turawa ke ɗanɗana kuɗar tsadar mai da ta biyo bayan rikice-rikicen 1973 da 1979. Ƙasashe irin su Faransa da Jamus sun daɗe suna ɗora wa dizal harajin da bai kai na fetur ba, saboda haka a wancan lokaci dizal ya fi araha a gidajen mansu, kuma wannan ne ya kai ga cewa a farkon shekarun 2010 fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai masu dizal ne. GTD ɗin da aka fitar a 2013 tana da inji mai lita 2 da ƙarfin doki 184, tana iya kaiwa kilomita 230 a awa guda, amma a gwajin kamfani ba ta shan lita 5 a tafiyar kilomita 100. Baturen da ya sayar da motarsa mai shan lita 12 ya sayi wannan ya ci riba ta fuska biyu, ya rage yawan lita, ya kuma koma ga man da ya fi sauƙin kuɗi.

Sunan Golf ba baƙo ba ne a tashoshin motar Katsina da Batsari da Dutsinma, domin samfurinta na uku, wanda aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, shi ne ya zama abin sufurin karkara, yana kwasar fasinja da buhunan gero da rogo zuwa kasuwanni, sai dai mafi yawan waɗanda ke kan waɗannan hanyoyi masu fetur ne, kuma tsakaninsu da GTD ta zamani akwai tazara mai nisa duk da cewa suna ɗaya suke amsawa.

Dalilin da ya sa injin dizal ke tsimin mai yana cikin yadda yake ƙona shi. Injin fetur yana gauraya mai da iska, ya matse su kamar sau tara ko goma, sannan filogi ya ƙyasta wuta. Injin dizal kuwa, wanda injiniyan Jamus Rudolf Diesel ya kammala na farko mai aiki a birnin Augsburg a 1897, iska zalla yake matsewa, sau goma sha shida zuwa ashirin ko fiye, har zafinta ya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa ba tare da filogi ba. Wannan matsi mai tsanani yana sa inji ya tatso aiki mai yawa daga kowane ɗigo, ga shi kuma litar dizal tana ɗauke da makamashi fiye da litar fetur da kusan kashi 10 cikin 100 ko ɗan sama da haka, don haka idan aka gwada motoci biyu masu girma ɗaya, mai dizal kan sha ƙasa da mai fetur da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai kuma bambanci tsakanin ƙarfin gudu da ƙarfin ja, wanda manomi ya fi kowa fahimta, domin doki ya fi san huɗa sauri amma sa ne ke jan garma a ƙasa mai tauri; injin fetur mai silinda shida yana ba da ƙarfinsa ne idan an taka shi ya yi ƙara, shi kuwa na dizal tun yana juyawa a hankali yake ja, abin da ya sa tirela da tarakta da kanta da injin niƙa duk da shi suke aiki.

Sai dai a Nijeriya rabin ribar Bature ba ta samuwa, domin dizal bai fi fetur araha ba. Gwamnati ta janye hannunta daga farashinsa shekaru masu yawa kafin ta taɓa fetur, saboda haka kasuwar duniya da darajar dala ke juya shi, kuma a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litarsa ta ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni, ta haura naira 700 alhali fetur yana ƙasa da 200. A farkon 2024 ta wuce naira 1,500 a wurare da dama, kafin matatar Ɗangote da ke Lekki a Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara sayar da nata dizal a waccan shekara farashin ya ɗan sauko. Cire tallafi ya rage tazarar da ke tsakanin man biyu, amma bai juya ta ba.

A nan ne lissafi ya zama dole, kuma lissafin da ya dace shi ne na naira nawa tafiyar kilomita 100 ke ci, ba na lita nawa tanki ke ɗauka ba. A ɗauka, don misali kawai, litar fetur naira 1,000 ce, ta dizal kuma 1,300. Motar silinda shida mai shan lita 13 za ta ci naira 13,000, ƙaramar motar dizal mai shan lita 6 a kan hanya ta gaske, ba a gwajin kamfani ba, za ta ci naira 7,800, rarar ta zama naira 5,200, wadda ba ƙaramin abu ba ce ga mai zirga-zirga tsakanin Batsari da Katsina. Amma akwai mota ta uku da ake yawan mantawa da ita a wannan muhawara, wato ƙaramar motar fetur mai silinda huɗu wadda ke shan kusan lita 8, ita kuwa naira 8,000 za ta ci. Da aka jera ukun sai ta bayyana cewa naira 5,000 daga cikin rarar 5,200 ta samu ne daga barin babban inji, naira 200 kacal ce dizal ya ƙara. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan misali ita ce, muddin farashin dizal ya ɗara na fetur da kashi ɗaya cikin uku, to tsiminsa ya tashi a banza, kuma mai mota zai iya gwada wannan da farashin da ya gani a allon gidan mai ranar da yake shawara.

Ko da lissafin lita ya goyi bayan dizal, akwai batun ingancin man, kuma a nan ne tsohon inji da sabo suka raba hanya. Tsofaffin injinan dizal, irin na Peugeot 504 da na Golf na shekarun 1990, suna da famfon mai na ƙarfe zalla wanda ke haƙuri da man da ba shi da tsabta sosai, kuma bakaniken da ya saba da manyan motoci zai iya kwance shi ya gyara. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma wani tsari inda famfo ke tara mai a cikin bututu guda ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau 1,600 zuwa 2,000, na'urar kwamfuta da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota ita ke buɗe kowane nozul sau da yawa a bugu ɗaya, ramukan nozul ɗin kuwa kusan kaurin gashin kai ne. Wannan tsari shi ne ya ba motocin zamani kuzari da shiru da tsimi, kuma shi ne rauninsu, domin ɗan ruwa ko ƙura ko tsatsa da ya shiga daga jarka ya isa ya cinye famfo, ɓarɓashin ƙarfen ya bi bututu ya lalata nozul huɗu a lokaci guda, gyaran da kuɗinsa zai iya haɗiye tsimin shekara guda ko biyu. Dizal shi ne ke shafe famfonsa da maiƙo yayin da yake wucewa, saboda haka man da aka gauraya da kananzir, ko wanda aka tace ta haramtacciyar hanya, yana barin ƙarfe na gugar ƙarfe.

Sai kuma sinadarin farar wuta da ke cikin man. Tun 2009 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan, kuma a kan wannan ma'auni aka ƙera motocinta na bayan wannan shekara, alhali Nijeriya ta daɗe tana halatta har kashi 3,000 cikin miliyan. A watan Satumba na 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa dizal mai yawan farar wuta musamman don kasuwannin Afirka ta Yamma, kuma a Disambar wannan shekara Nijeriya da Gana da Benin da Togo da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa kashi 50 cikin miliyan, matakin da ƙungiyar ECOWAS ta ɗauka daga baya, aiwatarwa dai ta yi ta jan ƙafa. Abin da ya shafi mai mota a nan shi ne, motocin dizal na Turai daga wajen 2009 suna da wata matata a cikin salansa mai kama baƙin hayaƙi, wadda ke buƙatar zafin kusan digiri 600 don ta ƙone abin da ta tara, kuma ba ta samun wannan zafi sai an yi doguwar tafiya ba tsayawa. Motar da aikinta bai wuce daga gida zuwa kasuwa ko makaranta ba matatarta za ta toshe, man da ke da yawan farar wuta kuma yana gaggauta toshewar, ƙwaƙwalwa ta rage wa inji ƙarfi, fitilar gargaɗi ta kama. Na bayan 2015 da yawa sun ƙara da tankin wani ruwa mai suna AdBlue wanda idan ya ƙare mota ba ta tashi. Tun da dokar kwastam ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, aka kuma hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, duk motar dizal da za ta shigo ta halattacciyar hanya a yau tana cikin wannan rukuni mai laulayi, tsofaffin masu juriya kuwa shekaru sun riga sun ci su.

Dabarar da aka saba yi a gareji ita ce a fasa matatar a zubar, a sake shirya ƙwaƙwalwa ta manta da ita. Mota kan tafi bayan haka, amma hayaƙin da matatar ke kamawa yana komawa ne cikin huhun mutanen gida da na tasha, kuma tun watan Yuni na 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Turawan da suka rungumi dizal su ma sun juya masa baya bayan da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo a Satumbar 2015 cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi, abin da kamfanin ya amsa cewa ya shafi motoci kusan miliyan 11, kuma zuwa 2023 kason dizal a sababbin motocin Tarayyar Turai ya faɗo ƙasa da kashi 15 cikin 100. Idan aka ga irin waɗannan motoci sun yi araha a hannun dillalai, wannan yana cikin dalilai.

Hanyar da motar za ta bi ita ma tana da nata hukunci. GTD da ire-irenta an sauko da jikinsu ƙasa da kusan milimita 15 idan aka kwatanta da Golf ta yau da kullum, an sa musu shokozoba mai tauri da tayoyi masu siririn gefe, duk don su riƙe kwana a kan kwalta mai santsi. A hanyoyin burji da na yashi da ke haɗa ƙauyukan Batsari da Safana, musamman da damina idan ruwa ya zaizaye gefen hanya ya bar kwazazzabai, wannan siffa ta zama matsala, domin kaskon baƙin mai yana kusa da ƙasa, rami guda kan lanƙwasa wili ko ya fasa taya, irin tayar kuma ba kowane mai faci ke ajiye ta ba. Da hunturu ƙura ke toshe matatar iska, abin da turbo ba ya jurewa, turbo kuwa wata farfela ce da hayaƙin inji ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda don ta cusa ƙarin iska cikin silinda, kuma rayuwarta ta rataya ne a kan tsabtar iska da yin juye a kan kari da irin man da kamfani ya ƙayyade. Makanikan dizal da ke yankin gwanaye ne a kan manyan motoci da tarakta, amma injin da sai an jona masa kwamfuta kafin a san cutarsa yakan tilasta a ja mota zuwa Katsina, kayan gyaranta kuma a nemo su daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, kwanakin da mota ta yi a ajiye kuwa su ma asara ce da ba a rubuta ta a rasit.

Mutanen wannan yanki da ke maƙwabtaka da dajin Rugu sun san wani abu da mai mota a birni bai sani ba, wato samun man kansa ba tabbas ba ne. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalar tsaro wadda ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita sayar da shi ga gidajen mai biyu a kowace ƙaramar hukumar da abin ya shafa, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya, tare da iyakance abin da za a sayar wa mota ɗaya zuwa naira 5,000. A irin wannan yanayi motar da ke tafiyar kilomita 800 ko fiye da tanki guda tana da fifiko na gaske a kan wadda ke neman gidan mai bayan kilomita 450, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da dizal ke da ita a nan, ƙari a kan cewa ba ya kama wuta da sauƙi kamar fetur. Amma hujjar tana da sharaɗi, domin inda gidajen mai suka yi ƙaranci 'yan bumburutu ne ke cike gurbi, kuma man jarka shi ne abin da sabon injin dizal ya fi tsoro. Wanda ke zuwa Katsina ko Dutsinma a kai a kai, ya cika tanki a gidan man da manyan motoci ke yawan sha don mansa ba ya daɗewa a ƙasa, shi ne zai ci moriyar wannan dogon zango.

Musanyar kanta ma tana da farashi. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, motocin da ake shigo da su sun yi tsada, alhali babbar motar da mutum ke son rabuwa da ita kowa ma gudunta yake yi, saboda haka zai sayar da arha ya sayi da tsada. Idan rarar ta kai naira 5,000 a kowace kilomita 100, mai tafiyar kilomita 1,000 a wata zai tsira da naira 600,000 a shekara, idan kuwa cikon da ya yi wajen musanyar naira miliyan 3 ne, zai ɗauke shi shekara biyar kafin ya dawo, in har babu babban gyara a tsakani. Direban haya ko ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako har Kano da Funtuwa yana ninka wannan tafiya sau uku ko huɗu, don haka nasa cikon zai dawo cikin shekara biyu, kuma doguwar tafiyarsa ita ce abin da matatar hayaƙi ke so. Malamin makaranta ko ma'aikacin sakatariya wanda motarsa ke fita sau biyu a mako ba shi da wannan hujja, kuma ƙaramar motar fetur mai silinda huɗu, wadda kowane bakanike ya san cikinta, ta fi dacewa da shi nesa ba kusa ba.

Wanda lissafinsa ya tsaya a kan dizal, ya kamata ya nemi samfurin da ba a sauko da jikinsa ba, mai tayoyi masu kaurin gefe, ko da bai kai GTD gudu ba, tun da babu inda zai yi kilomita 200 a awa tsakanin Ruma da Runka. Ya kamata kuma ya je ganin motar da sassafe kafin a tayar da ita, domin injin da ya kwana ya yi sanyi ne ke nuna lafiyarsa: idan ya daɗe yana tari kafin ya kama, ko hita ta mutu ko matsin silinda ya ragu, farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi yana nuni ga nozul ko ruwan lagireto da ke shiga silinda, shuɗi alamar ƙona baƙin mai ce, sau da yawa daga turbo, baƙi mai kauri kuwa a motar bayan 2009 yana nufin an riga an cire matatarta. Ya tafi da bakaniken da ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwa, kuma kafin a yi ciniki ya tambayi farashin nozul guda da na famfon mai a Ƙofar Ruwa, ya haɗa su cikin kuɗin motar.